Awa Ɗaya da Rabi Tsakanin Gwaggo da Ƙanenta

Juma'a: Maruta

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na tsaya a ƙofar ɗakin Gwaggo Hansai a Maruta, ina gyaran murya don in tashe ta. Ashe ta daɗe da tashi. Na tarar da ita zaune a bakin gado, ta yafa mayafinta na zuwa biki, ga ƙullin kaya uku a gabanta da wata tsohuwar jakar fata.

"Babana, sai yanzu? Ai na zaci ka fasa."

Babana take kirana, don sunan mahaifinta aka sa mini, bakinta kuwa ba ya iya faɗinsa. Ni malamin firamare ne a Birnin Kudu, a Maruta na kwana saboda wannan tafiya. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ta haura saba'in, kuma iyakar nisan da ta taɓa yi a duniya Kano ce, sau biyu, duka don ciwon ido.

Ikko za mu. Ƙanenta, Baffa Ilu, yana kwance a Agege ciwo ya yi tsanani, kuma ɗansa Sadisu ya bugo waya ya ce tsohon ba ya ambaton kowa sai Yaya. Shekara ashirin da tara rabon su da juna. Lokacin da mahaifiyarsu ta kwanta ciwon ajali, Baffa yana can yana harkar shanu, ba waya a lokacin, sai saƙon baki ta hannun direbobi. Kafin saƙo ya same shi, kafin ya iso, an yi sadakar bakwai. Gwaggo, wadda ita ta yi jinyar, ta ƙi fitowa ta karɓi gaisuwarsa. Daga cikin ɗaki ta ce ya koma inda ya fito. Washegari ya koma, bai sake tako Maruta ba.

Sadisu ya yankar mana tikitin jirgin da zai tashi daga Kano ƙarfe goma sha biyu da rabi na rana. Na zauna da biro na tsara tafiyar kamar jadawalin darasi: Maruta zuwa Gwaram rabin awa a kan babur, Gwaram zuwa Birnin Kudu kamar minti arba'in da biyar, daga nan zuwa Kano kilomita ɗari da talatin ko kusa da haka, awa biyu. Idan muka tashi biyar da rabi, kafin tara da rabi muna filin jirgi muna miƙe ƙafa. Na ji daɗin kaina ƙwarai da wannan tsari. Abin da ban sa a ciki ba shi ne Gwaggo.

Muna idar da sallar asuba, masu babur biyu da na yi wa magana suna ƙofar gida, sai ta ce bari ta leƙa maƙwabta ta yi sallama. Na ce to, ina zaton gida ɗaya ne. Gida tara ta shiga. A kowane gida sai ta durƙusa, ta gaisa, ta ce za ta Ikko, ba ta san ko za ta dawo ba, duk wanda ta taɓa ɓata wa ya yafe mata. Sai a yi koke-koke, a yafi juna, a rako ta har zaure. Haka mutanenmu suka gada, mai doguwar tafiya ba ya fita da haƙƙin kowa a wuyansa. A wurin Gwaggo kuwa babu tafiyar da ta kai Ikko tsawo, in ban da ta Makka.

"Gwaggo, jirgi fa ba ya jira."

"Kai dai ka cika gaggawa. Motar da ba ta cika ba, ina za ta?"

Sai bakwai saura minti ashirin muka hau babur. Damina ta yi nisa, an yi ruwa kwana biyu da suka wuce, hanya duk taɓo. Gero ya fi mutum tsayi dama da hagu. Sau biyu muka sauka muka taka da ƙafa, Gwaggo na riƙe da jakar fata a ƙirji, ta ƙi ba kowa.

Gwaram da Birnin Kudu

Bakwai da kwata muka shiga Gwaram. Na riga na yi shatar ƙaramar mota tun ranar Laraba, direban sunansa Ɗanlami, mutum mai fara'a da yawan surutu. Ya ɗaga ƙullin farko ya yi nishi.

"Iya, duwatsu kika ɗauko?"

"Guzuri ne. Kai ka san kwana nawa ake yi a hanyar Ikko?"

Na ce mata awa ɗaya da rabi ne a jirgi. Ta dube ni irin kallon da nake yi wa ɗalibin da ya ce akuya ta cinye masa littafi. Ita ta san hanyar Ikko sarai, ko da ba ta taɓa bin ta ba. Tun tana budurwa take jin fatake na jero garuruwan: Zariya, Kaduna, Jaba inda ake haye kogi, Ilori, Badun, sannan Ikko. Don haka ta soya zabi biyu, ta kirɓa fura, ta ƙulla dakuwa da ƙuli-ƙuli da dabino, har ta yanke cewa zabo ɗaya sai an haye kogi za a taɓa shi.

A Gwaram 'yarta take aure, ta ce sai ta biya ta yi mata sallama. Wannan ban iya hanawa ba. Minti arba'in muka yi, jikoki suka zagaye ta, surukinta ya yi doguwar addu'a ina amsa amin da ido ɗaya a kan agogo. Takwas saura biyar muka kama kwalta, tara saura ashirin muna Birnin Kudu. Na ce wa Ɗanlami a hankali kada ya ko rage gudu. Amma kunnen Gwaggo ras yake.

"Ku tsaya gidan Iya Talle. Tare muka yi wasan 'yar tsana. Ba ta gani yanzu, in na wuce ban yi mata sallama ba, da wane ido zan dube ta gobe ƙiyama?"

Ɗanlami ya dube ni, na dube shi, ya karya kan mota. Minti talatin da biyar. Da muka fito gari na yi ajiyar zuciya, na ce an gama. Ba mu yi nisa ba, a wajen Kangire, ta sake dafa kafaɗar direba. Akwai wata mata a can da suka taɓa yin cacar baki a gidan suna, shekara goma sha wani abu da suka wuce, a kan wa ya kamata ya raba goro. Matar ma ta manta, sai da Gwaggo ta tuna mata, sannan ta yafe.

Da ta dawo mota na kasa haƙuri. Na ce, "Gwaggo, kin nemi gafarar kowa har da mai goro. Baffa fa?"

Ta gyara mayafi ta dubi waje. "Wannan shi zai nemi tawa. Shi ya sa zan je."

Hanyar Kano

Goma saura kwata muka bar Kangire. Ɗanlami ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa. A Kwanar Huguma akwai shingen 'yan sanda. Ɗaya daga cikinsu ya leƙo, ya ga tsohuwa da carbi, ya tambayi inda za mu.

"Ikko, ɗana. Ka yafe mini in na taɓa yi maka wani abu."

Ya yi dariya har da dafa mota. "Na yafe, Iya. Allah ya kiyaye hanya."

Abu na biyu da na manta a jadawalina shi ne ranar Juma'a ce kasuwar Wudil take ci. Sha ɗaya saura biyar muka iso, muka tarar da motocin shanu sun cika hanya, ga masu kura, ga masu jan raguna suna tsallakawa a nutse kamar hanyar gonarsu. Minti ashirin da biyar muka yi ba mu yi tafiyar da ta kai jifa uku ba. Gumi ya jiƙe mini riga. Gwaggo kuwa ko a jikinta, tana ta yaba wani farin bijimi, tana cewa irin na mahaifinsu ne.

Muka wuce Mariri, muka shiga cunkoson Hotoro, masallatai sun fara ɗaukar jama'a. Sha biyu da minti biyar muka tsaya a filin jirgi. Na kwashi kaya da gudu, Gwaggo na biye da ni tana cewa in bi a hankali kada furar ta farfashe. A wurin auna kaya wata ma'aikaciya ta karɓi takardunmu, ta duba, ta girgiza kai.

"Malam, ku yi haƙuri, an rufe. Fasinjoji sun riga sun shiga."

Na roƙe ta, na gaya mata mara lafiya muke zuwa dubawa. Ta tausaya, har ta je ta yi magana da wani babba, ta dawo ta ce ba yadda za a yi. Ta wani gilashi ana hango wutsiyar jirgin yana tsaye. Gwaggo ta nuna shi da yatsa.

"'Yar nan, ba shi ne wancan ba? Ai bai tashi ba. Ki aika a ce wa direban ga mutum biyu sun zo."

Ma'aikaciyar ta sunkuyar da kai. Ina jin ita ma tana da kaka irin wannan a gida. Muna nan tsaye jirgin ya juya, ya yi gudu, ya ɗaga, ya shige gajimare. Gwaggo ta bi shi da kallo baki buɗe.

"Ya tafi da kujerunmu ba kowa a kai?"

"Ya tafi, Gwaggo."

Kwanan Kano

Na kira Sadisu na gaya masa jirgi ya bar mu. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya ce zai mayar mana da tikitin zuwa jirgin safiyar Asabar. Sannan ya ce, "Yaya Hamisu, tun jiya Baba bai sa komai a bakinsa ba. Duk wanda ya ɗaga labule sai ya ce ko Yaya ce. Ku dai yi ƙoƙari."

Muka sallami Ɗanlami, muka hau adaidaita zuwa gidan Malam Bala, abokina tun kwalejin horon malamai, wanda gidansa ba shi da nisa da filin jirgin. Matarsa Hajiya Binta ta karɓe mu hannu biyu, ta kawo shinkafa da wake da mai da yaji, da la'asar kuma ta ɗora tuwon shinkafa miyar taushe.

Bayan la'asar muna zaune a tsakar gida, na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce wa Gwaggo, a gaban mutane, idan Baffa ya cika kafin gobe to ta sani sallamarta ce ta jawo. Hajiya Binta ta tashi ta shige kicin. Gwaggo ba ta ɗaga murya ba.

"Babana, ni ban san abin nan ba ya jira ba. Ka faɗa, ban yarda ba, don ban taɓa ganin abin hawan da zai bar mai kujera ba. Kuma tsoro nake ji. Na ɗauka in na shiga cikinsa ba zan fito da rai ba, shi ya sa na bi mutane."

Tun asuba nake duban agogo, ban taɓa duban fuskarta ba. Na matsa kusa na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, ai uba yana yi wa 'yarsa faɗa. Duk jirgin da ya wuce ta saman gidan har magariba sai ta ɗaga kai ta bi shi da ido, leɓɓanta na motsi.

Asabar: cikin jirgi

Wannan karon ita ta tashe ni. Shida daidai Malam Bala ya sauke mu a filin jirgi da motarsa, mu ne na uku a layi. Aka auna ƙullin guzuri aka wuce da shi ciki. Sai da na rantse mata za a ba mu abinmu a can kafin ta saki. Ta dai zare 'yar ledar dabino ta cusa a jakar fata. A wurin bincike aka ce ta cire takalmi ta bi ta cikin wata ƙofa da ba gini a jikinta, ta yi bisimilla ta wuce da ƙafar dama.

Takwas da minti goma aka kira mu. Kujerarta ta bakin taga ce. Wata ma'aikaciyar jirgi ta ɗaura mata bel, Gwaggo ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ko daga haihuwa ba a ɗaure ni haka ba." Takwas da minti ashirin da biyar jirgi ya fara gudu. Ta damƙe mini hannu har farcenta ya shata, tana salati da ƙarfi. Wani Alhaji da ke gabanmu ya juyo ya ce, "Ki ci gaba, Hajiya, har da mu."

Da muka daidaita a sama na lallashe ta ta buɗe ido. Kano ta koma kamar an baza tsaba a faifai, bayanta gonaki kore shar har iyakar gani. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce mutanen ƙasan nan sun yi noma bana. Daga nan gajimare ya rufe komai, ta ja tsaki ta ce an sa mata labule.

Aka kawo shayi da ɗan biredi. Ta sha, ta yaba, ta ce sukarin dai sun yi rowa. Ta tambaye ni a wane gari za a tsaya a yi azahar, kuma ko direban yana da wanda zai karɓe shi idan ya gaji. Na ce mata tsakanin Kano da Ikko ta sama kilomita ɗari takwas ne da 'yan kai, ta ƙasa kuwa ya haura dubu, motar haya takan yini ta kwana. Ta ce ita ba ta san kilomita ba, in bar ta da Zariya da Kaduna.

Ta ci dabino uku, ta fara gyangyaɗi. Ba a jima ba kunnuwana suka toshe, aka sanar za mu sauka. Muka fito daga gajimare, sai ga rufin kwano ja da ruwan ƙasa sun cika ido, ba gona ko ɗaya. Goma saura minti takwas tayoyi suka taɓa ƙasa. Awa ɗaya da minti ashirin da bakwai, na duba.

Gwaggo ta leƙa ta taga. "Kaduna ce?"

"Ikko ce, Gwaggo."

"Kai dai ba ka rabo da wasa. Ko kogi ba mu haye ba."

Alhajin gabanmu ya miƙe yana sauke jakarsa, ya ce, "Wallahi Ikko ce, Hajiya. Sannu da zuwa."

Mutane suka yi ta fita, ita tana zaune, bel ɗin ma ba ta bari an kwance ba. Na ga fuskarta ta sauya. Ba murna ba ce, ba kuma tsoron jiya ba. Sai da jirgin ya kusa zama ba kowa sannan ta yi magana, a hankali.

"Babana, lokacin rasuwar Inna, shi ma a irin wannan ya zo?"

"A'a. Mahaifina ya ce a bayan motar shanu ya zo, wadda ta sauke kaya za ta koma Arewa. Ta lalace musu a hanya. Kwana uku ya yi, ruwa na dukansa."

"Kwana uku." Ta dubi kofin shayin da ke aljihun kujera. "Ni kuwa ina zaune ana ba ni shayi. Ya yi kwana uku a bayan mota, ni taku uku zuwa bakin ƙofa na kasa."

Ma'aikaciyar jirgin ta zo ta durƙusa ta kwance mata bel, ta ga hawaye, ta ɗauka tsoro ne, ta yi ta ce mata an sauka lafiya.

Agege

Sadisu na jiran mu a waje. Ban taɓa ganinsa ba sai a hoto, amma ina hango shi na gane tafiyar gidanmu. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Gwaggo. Ta kama fuskarsa da hannu biyu ta juya ta dama da hagu, ta ce, "Hancin Inna."

"Yana nan?" na tambaya.

"Yana nan. Da asuba ya ɗan buɗe ido."

Iskar Ikko nauyi gare ta, kamar an jiƙa bargo an lulluɓa wa mutum. Daga filin jirgi zuwa Agege ba nisa, amma sai da muka yi minti hamsin saboda cunkoso, motoci masu ruwan ɗorawa na ta kutse, kowa na danna ham. Da muka shiga unguwarsu sai ga mai shayi, ga mai tsire, ga Hausa na tashi ta ko'ina. Gwaggo ba ta ga ko ɗaya ba.

Sha ɗaya da kwata muka shiga gidan. Matar Baffa, Hajiya Asabe, ta tarye mu tana kuka, ta ɗaga labulen wani ɗaki. Yana kwance a katifa a ƙasa, ya rame har ba a magana, gemu fari fat. Ni ina ɗan shekara goma sha shida na gan shi na ƙarshe, ƙato mai faɗin kafaɗa. Da a hanya na gamu da wannan tsoho, wuce shi zan yi.

Sadisu ya sunkuya ya ce, "Baba, ga Yayarka." Ya buɗe ido, ya yi ƙoƙarin tashi ya kasa. Bakinsa ya fara motsi, na san abin da yake shirin faɗa, shekara ashirin da tara yana riƙe da shi. An ajiye wa Gwaggo kujera, ba ta ko dube ta ba. Ta zube a gwiwa a gefen katifar, ta riga shi.

"Ilu, ka yafe mini. Ka zo, na ƙi fitowa. Ka yafe mini don Allah."

"Yaya, ni ne..."

"Rufe mini baki. Ni ce babba, ni zan fara."

Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Ya ce ya yafe, ita ma ta yafe masa. Ta ce ta yafe duniya da lahira, kuma Inna ba ta cika da fushinsa ba, har ranar ƙarshe albarka take sa masa. Wannan maganar Gwaggo ba ta taɓa gaya wa kowa ba, mahaifina ma ya rasu bai ji ta ba. Baffa ya rufe ido ya daɗe yana maimaita alhamdulillahi. Ni da Sadisu muka fice tsakar gida, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya yana gyaran hula.

Da azahar ta sa aka kwance ƙulli, aka nemo nono a unguwa, ta dama furar Maruta da hannunta. Mutumin da ya kwana biyu bai ci komai ba ya sha ludayi huɗu. Ya tambaye ta yaushe ta baro Kano, ta ce ɗazu da hantsi. Ya ce shi duk zamansa a nan bai taɓa shiga jirgi ba, kullum yana ganinsu suna wucewa ta saman gidan. Daga nan suka shiga lissafin mutanen Maruta, wa ke nan wa ya tafi. Waɗanda suka tafi sun fi yawa.

Talata: komowa

Tikitinmu na komowa na ranar Talata ne, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, don ranar Laraba ina da aji. Da sassafe na shiga na ce ta haɗa kaya. Na tarar tana goge wa Baffa fuska da ɗan tsumma.

"Ka tafi kai kaɗai, Babana. Na yi jinyar Inna, zan yi ta Ilu. Ka ce wa Hadiza ta riƙa ba awakina dusa, kuma kada a bari ruwa ya shiga rumbu." Hadiza matar jikanta ce da suke gida ɗaya.

Na dubi Sadisu, ya ɗaga kafaɗa. Wanda ya san Gwaggo ba ya ɓata bakinsa sau biyu. Na durƙusa na yi wa Baffa sallama. Ya riƙe hannuna ya ce in gaida gida, ya ƙara da cewa, "Ka yafe mini, ban san ku ba." Na ce babu komai tsakaninmu sai alheri, na fito da sauri.

Jirgi ya tashi sha ɗaya da minti ashirin, ya sauka Kano ɗaya saura kwata. Kujerar taga ba kowa, ban kuma matsa na zauna a kai ba. Na yi azahar a filin jirgi, na hau adaidaita zuwa tasha, na jira mota ta cika har kusan awa guda. Biyu da rabi muka tashi, biyar saura kwata muna Birnin Kudu. Ban tsaya gidana ba, don akwai saƙon Gwaggo da zan kai, na wuce Gwaram na hau babur, na shiga Maruta ana kiran magariba. Daga Ikko zuwa Kano awa ɗaya da rabi, daga Kano zuwa ƙofar gidanmu fiye da awa biyar.

Da mutane suka gan ni ni kaɗai da jaka, sai mata suka fara salati, sun ɗauka sallamar da ta yi musu ta tabbata. Da ƙyar na shawo kansu. Na tsaya a zaure na ba da labari tun daga farko, na kuma maimaita wa waɗanda suka zo daga baya.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da ni lafiya. Ina godiya ga Ɗanlami da haƙurinsa, da Malam Bala da Hajiya Binta da suka ba mu masauki ba shiri, da Sadisu da mahaifiyarsa, da bayin Allah na filin jirgi da na cikin jirgi waɗanda suka girmama tsohuwar da ba su sani ba. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Kwana tara da dawowata, ranar Alhamis bayan la'asar, ina gyaran littattafan yara, Sadisu ya kira. Kafin ya yi magana na ji an karɓe wayar.

"Babana, Ilu ya cika. A hannuna, da kalmar shahada a bakinsa. Za a kai shi kafin magariba." Muryarta ba ta rawa. "Ka je Maruta ka share ƙofar gidan mahaifinmu, ka shimfiɗa tabarmi. A can za a karɓi gaisuwarsa, ɗan gidan ne."

Na je na share, na shimfiɗa. Kwana uku muna zaune, mutane na zuwa daga Gwaram, daga Surko, daga Kangire, har Iya Talle aka riƙo wa sanda aka kawo ta. Fiye da rabin masu gaisuwar ba su taɓa ganin fuskarsa ba, amma kowa ya zauna ya yi masa addu'a da sunansa, Iliyasu na Maruta. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.